Kofin Mutumin Gwaram

Akwai wani kofi a saman kabad ɗin ɗakina, sanye da riga. Rigar gaske nake nufi, ta koren yadi, da aikin zare a wuya da maɓalli a baya. Jikokina sun san ni na ci shi a gasar gudu, kuma in ƙa'ida za a bi ba su yi ƙarya ba, ni na riga kowa shiga fili a ranar. Amma duk sanda na ɗaga kai na gan shi sai in ji kamar ajiyar wani ce a hannuna, mai ita kuma ya ƙi zuwa ya karɓa.

Bayan an gama yaƙin basasa wani tsohon soja ya dawo gida Birnin Kudu, kowa Saje yake ce masa. Ya dawo da usur a wuya, da wani ra'ayi da ya ƙi fita daga kansa, wai saurayin da ba ya gudu rabin mutum ne. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya har ya tara ƙungiya: mu sababbin malaman firamare, da masu gyaran keke, da wani mahauci, da 'yan asibiti biyu ko uku. Da an idar da sallar asuba sai mu fita bayan gari, mu zagaya duwatsu mu dawo, Saje na biye da mu a kan keke yana busa usur yana zagin duk wanda ya dafa ƙugu. Mutanen gari kuwa ba su taɓa fahimtarmu ba. Tsofaffi in sun gan mu sai su tsaya su leƙa bayanmu, su ga ko wani abu ne ya biyo mu.

Ba a daɗe ba samarin Gwaram suka ji labari, su ma suka kafa tasu. Daga nan aka shirya gasa ta shekara-shekara bayan an gama kaka, bana a garinmu, baɗi a garinsu. Motar akori-kura ta wani mai sayen gyaɗa ce take kwashe mu ta kai mu can nesa da gari ta zube, mu dawo da ƙafa zuwa filin makaranta. Na biyu bargo ake ba shi, na uku fitilar ƙwai, na ƙarshe kuwa ludayi, wai ya je ya taya mata damu tunda gudu ya gagare shi. Na ɗaya shi ke ɗaukar kofi, ya ajiye shekara guda ya dawo da shi. Dokar Saje ce, kuma ya sha maimaita ta har yara sun haddace: wanda ya ci sau uku a jere, kofi ya zama nasa har abada.

A cikin mutanen Gwaram akwai wani tela, dogo, siriri, mai yawan dariya. In ka gan shi a duƙe kan keken ɗinki ba za ka ce zai iya korar akuya daga gona ba. Amma da an busa usur sai ya zama wani mutum dabam. Ba takalmi yake gudu, ba ya haki, ba ya waige, kuma in zai wuce ka sai ya yi maka sannu da aiki, abin da ya fi komai ba mu haushi. Shekarar farko a garinmu ya ci. Ta biyu a garinsu ya sake ci, ni na zo na biyu, na dawo gida da bargo da ciwon ƙirji.

A tsakanin nan ne ya auri yayata. Ita ce 'yar farin mahaifinmu, saboda haka Baba bai taɓa kama sunanta ba, balle na mijinta. In zai yi zancensa sai ya ce mutumin Gwaram. Shi kuma tela, wanda bakinsa ba ya hutawa a ko'ina, in ya zo gidanmu sai ya zama kurma. Tun daga bakin lungu yake tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya durƙusa nesa da tabarmar Baba, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa tun daga kwana har gajiya har damina har dabbobi. Ba ya cin abinci inda Baba zai gan shi. In ya hango shi a kasuwa sai ya sake layi. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, haka ake yi wa suruki, sai dai shi nasa ya fi na kowa cika.

Ni kuwa ƙanin matarsa ne, tsakaninmu sai wasa da tsiya. Malam ƙarami yake kirana. In na je Gwaram gaida Yaya, shagonsa nake fara sauka, don a can kofin yake. Ya sa kafinta ya buga masa wata 'yar kanta a bango, daidai saman keken ɗinki, inda duk mai shigowa zai fara gani. Shi ya ɗinka wa kofin rigar nan. Ranar Juma'a yakan cire ta, ya goge kofin da toka da lemun tsami har ya ga fuskarsa, ya mayar ya ɓalla maɓalli.

"Malam ƙarami, gaida shi mana," yakan ce mini. "Ka san dai ba ka da rabon taɓa shi sai a nan."

"Baɗi a ɗakina zai kwana," in ce.

"Da wace ƙafar? Wannan mai kama da muciya?"

Ana cikin dariya ne, amma na san abin da kofin nan yake a wurinsa. Ya tashi maraya a hannun kawunsa, keken ɗinkin ma na kawun ne, shagon ma haka. Wata rana ba kowa sai mu biyu, yana yanka yadi, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, tunda yake bai taɓa mallakar wani abu da ba wanda zai ce shi ya ba shi ba. Kofin nan ne kaɗai, in ya ci na uku. Ya ƙara da cewa ya yi wa Yaya alkawari daga shi ya daina, don ta gaji da matan unguwa suna tambayarta ko mijinta lafiya yake.

Gasar ta uku a garinmu ta faɗo, kuma a karo na farko tela zai yi gudu a garin surukinsa yana suruki. Abin ya dame shi. Shi ke ɗinka wa ƙungiyoyin biyu gajeren wando, sai ya ɗinka wa kansa wani da ya sauka har ƙasan gwiwa, muka yi ta yi masa tsiya wai ko limanci zai yi mana a hanya. Da ya zo garinmu auna wandunan 'yan ƙungiya, ya ja ni gefe.

"Baba dai ba ya fitowa kallo, ko?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Baba? Mutumin da ya ce tun da ya haife ni bai ji kunya ba sai ranar da aka ce masa an ga ɗansa, malami guda, yana tsere da cinya a waje? Na ce wa tela ya kwantar da hankalinsa, ko garin ne zai tashi ya koma filin makaranta, Baba yana gida. A lokacin gaskiya na faɗa masa.

Sai dai ni ma akwai abin da yake cin raina. Na kawo bargo gida Baba bai tambayi inda na samo shi ba. Na gama makarantar horon malamai bai ce komai ba sai Allah ya yi albarka, irin wadda yake yi wa mai kawo masa ruwan alwala. Ba mugun uba ba ne, haka aka yi su, yabon ɗa a gaban idonsa abin kunya ne a wurinsu. Amma ni ina saurayi ban san wannan ba, ko na sani ban yarda ba. So nake ya gan ni sau ɗaya ina yin abin da na iya. Ana jibi gasa muna gona muna ɗaure dawa, na ga ransa a sake saboda amfanin ya yi kyau, sai na yi ƙarfin hali.

"Baba, da za ka fito jibi ka gani."

Bai ɗago ba. Ya ja igiya ya ɗaure damin da ke gabansa.

"Ko daga nesa ne, Baba. Sau ɗaya."

Ya ce in miƙo masa wani damin. Shi ke nan. Na san shirun Baba, ko na ɗauka na san shi, na fassara shi da a'a, na haɗiye abina. Ko sau ɗaya tela bai faɗo mini a rai ba. Kaina kawai nake tunani, kuma da na ga ba a amsa ba sai na manta ma na yi maganar.

Ranar gasa mutanen Gwaram suka iso da hantsi da kiɗansu. Tela ya sauko daga mota rungume da kofi a cikin rigarsa, ya miƙa wa Saje da hannu biyu, ya ce a riƙe masa zuwa anjima. Sai na lura da ƙafarsa. Farin takalmin kambas ne sabo fil, wani direba ya sayo masa daga Kano. Ya ce ba zai shiga garin surukai ba takalmi kamar wanda aka koro ba. A cikin mota, muna tafiya wurin da za a zube mu a hanyar Sundimina, na ga yana ta fama da igiyar, bai saba da ita ba, da ya ɗaure sai ta kwance.

"Kawo ƙafar nan, baƙauye," na ce.

Na ɗora ƙafarsa a cinyata na yi masa ƙullin da muka koya a makarantar kwana, a ɗaure a sake ɗaurewa a ja da ƙarfi. Na yi wa ɗaya, na yi wa ɗayar. Na ce masa wannan ko Kano zai je da gudu ba zai kwance ba. Ya ce Allah ya saka, zai tuna da ni in yana shan fura a kofinsa.

Saje ya busa usur muka tashi. Gudun kansa ba wani labari a cikinsa. Gonaki an girbe, kara a tsaye, yara a kan hanya suna ihu, mata masu dawowa daga rijiya suna kauce mana suna rufe baki. Tun ba a yi nisa ba jama'a ta watse, mahauci ya dafa ƙugu, 'yan asibiti suka koma tafiya. Da muka fara hango duwatsun gari saura mu biyu a gaba, shi da ni, shi ma ina ganin bayansa ne kawai, farin takalmin nan na tashi yana sauka. Na ba da duk abin da nake da shi, tazarar ba ta ragu ba. Na riga na sallama, har na fara tunanin wa zan ba bargo na biyu.

Kafin a shiga filin makaranta akwai wata kwana, da tsamiya babba a bakinta. Jama'a duk suna can fili inda ake kiɗa, kwanar ba kowa. Da na karyo sai na ga mutum ɗaya zaune a gindin tsamiyar a kan buzu, cikin farar rigarsa ta zuwa Juma'a, sandarsa a gefe. Baba ne. Daga baya na gane dalilin da ya sa ya zaɓi wurin: kunyar a gan shi cikin taro yana kallon ɗansa ce ta sa ya nemi inda ba kowa. Da cikin taron ya shiga, da tela ya wuce abinsa kamar bai gani ba, ba wanda zai ce komai. Amma a nan hanya ce siririya, tsoho ɗaya a bakinta, ido cikin ido.

Na ga kafaɗun tela sun sauka. Gudunsa ya koma sassarfa, sassarfa ta koma tafiya. Ya ratse gefen hanya ya tsuguna ya kai hannu ga takalminsa. Ya ja igiya, ta ƙi. Ya sa farce, ta ƙi. Gumi na zuba daga haɓarsa a kan farin kambas, ƙullin ya gagari yatsunsa, yatsun da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba. Baba ya kawar da kai gefe yana yi masa alama da hannu, yana cewa, "Je ka, Malam, je ka." Amma ina, ba a gaida suruki da takalmi a ƙafa, kuma ba a wuce shi ba gaisuwa. Shi ma Baba ya sani, shi ya sa muryarsa ba ta da ƙarfi.

Ni ɗa ne, nauyin da ke kaina bai kai nasa ba. Na ɗan rusuna ina gudu na ce, "Sannu, Baba," na wuce. Na sha tambayar kaina me ya sa ban tsaya ba. Ni na san yadda ake kwance ƙullin nan, ja ɗaya ne ta gefen da ya dace. Amsar da nake da ita ba ta da daɗi: ƙafafuna sun ji hanya ta buɗe, kuma Baba yana kallo. Na ji daɗi a lokacin, daɗi sosai, daga kwanar nan har bakin fili. Abin da na ji bayan daɗin nan shi ne bai ƙare ba har yau.

Mutum uku suka wuce shi a tsugune. A ƙarshe fizge takalman ya yi ta dunduniya, da ƙullinsu da komai, ya durƙusa ya yi gaisuwarsa cikakkiya, bai rage ko tambayar dabbobi ba. Sannan ya ja da baya, ya tashi, ya shigo fili da takalma a hannu. Mutanen Gwaram suka tsayar da kiɗansu. Da labari ya zagaya sai fili ya kasu biyu, samari na cewa a sake gudu, dattawa na gyaɗa kai suna cewa ɗan halak ke nan, wanda ya ba shi 'ya bai yi asara ba. Saje ya busa usur ya ce shi a dokarsa ba inda aka ambaci suruki, wanda ya riga shiga fili shi ya ci.

Wakilin hakimi ne ya raba kyaututtuka. Saje ya ɓalle maɓallin rigar kofin, ya cire ta, ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya miƙa wa mai ita. Tela ya ninke ta ya sa a aljihu. Al'adar ƙungiya ce a cika kofi da fura, wanda ya ci ya kurɓa, ya miƙa wa wanda ya ga dama. Na kurɓa ban ji ɗanɗanonta ba, na ratsa jama'a na kai masa. Ya karɓa ya sha sosai, ya goge baki.

"Ka ga, na ce zan sha fura a kofin nan yau," ya ce, aka yi dariya.

Ban iya riƙe abin ba. Kafin motarsu ta tashi na ja shi bayan aji na faɗa masa ni na roƙi Baba ya fito, kuma ban sanar da shi ba. Na so ya zage ni, ko ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana, da na samu sauƙi. Sai ya dafa kafaɗata yana dariya.

"To, Malam ƙarami, mutum ba zai gayyaci ubansa ba? Ni da ina da shi ai a gaban mota zan ɗauko shi. Riƙe mini kofin da kyau. Sai dai yayarka ta yi haƙuri, alkawari ya ɗage, in sake farawa daga ɗaya."

Da na shiga gida da kofin, Baba yana zaure, ya riga ya cire farar rigar. Na durƙusa na ajiye a gabansa. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wannan ba na mutumin Gwaram ba ne?" Na ce ni na ci bana. Ya ce, "To. Kai shi ɗaki." Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya. Amma Inna ta gaya mini ranar bai ci tuwo ba, kuma da kaka ta zagayo, tun ba a sa ranar gasa ba, ya ce mata in lokacin ya yi shi zai tafi Wurno wurin ƙaninsa ya kwana biyu. Gasar ma a Gwaram za a yi, amma duk da haka ya ce zai tafi.

Ba a yi gasar ba. Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya ruɗa gari, kowa ya sayi babur, har da ni. Wanda ya hau babur kuwa ba ya sake yarda a gan shi yana gudu da ƙafa. Masu gyaran keke suka koma gyaran babur ba su da lokacin kansu, mahauci ya tafi Legas, Saje ya samu aikin gadi a wani kamfani a Kano ya tafi da usur ɗinsa. Aka ce sai baɗi, baɗi ta zo aka ce sai wata. Ba wanda ya rushe ƙungiyar, daina zuwa kawai aka yi. Abin da tela yake buƙatar ci uku kafin ya mallaka, ni ya zauna a ɗakina da ci ɗaya, wanda shi ma kowa ya san yadda aka yi.

Da na tabbatar ba za a sake ba, na ɗaure kofin a bayan babur na tafi Gwaram. Na same shi a shago. Kantar tana nan, ba komai a kanta. Na ajiye kofin a kan teburin yanka na ce ga kayansa, ƙungiya ta mutu, ba mai tambaya. Ya ɗauka ya jujjuya shi, ya ga yadda ya dushe, ya yi tsaki.

"Haka ake riƙon amana? Dubi yadda ka mai da shi kamar gwangwanin madara."

Ya aika aka kawo toka da lemun tsami, ya zauna ya goge shi tas. Na ɗauka ya karɓa ke nan. Sai ya buɗe akwati ya ɗauko rigar, ya sa masa, ya ɓalla maɓalli, ya miƙo mini.

"Saje uku ya ce. Ni biyu na ci. In ka ba ni, ya zama kai ka ba ni."

Na tuna maganar da ya yi mini yana yanka yadi, na mayar da kofin bayan babur. Na sake gwadawa bayan wasu shekaru, lokacin sunan ɗansa, na sake ranar aurar da 'yarsa, kullum da dariya yake kore ni. Har na fara gaya wa kaina ƙila abin bai dame shi yadda nake zato ba, ni ne kawai na ɗora wa kaina. Mutum ne mai iyali, shago ya zama nasa, ya sayi kekuna ya ɗauki ma'aikata, ya je Makka. Wa zai tsaya tunanin wani kofi?

Ya rasu da damina, muna da furfura dukanmu. Bayan an share makoki na koma Gwaram da kofin a cikin jaka, na ce ko a kan kantar nan ne in ɗora shi, ya zauna a inda ya dace. Yaya tana takaba, ta sa aka buɗe mini shagon, ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Da ta ga abin da na fito da shi sai ta girgiza kai.

"Mayar da abinka. Ya san za ka kawo. Ya ce in ka zo da shi kada in karɓa."

Na ce, "Yaya, ai shi bai ma damu da shi ba, kullum dariya yake yi."

Ta yi mini irin kallon da take yi mini muna yara in na faɗi wauta.

"Kai dai ba ka san mutane ba. Duk kaka, da an fara yankan dawa, sai ya riƙa fita bayan sallar asuba, ya bi bakin kogi inda ba mai ganinsa, ya yi ta gudu ba takalmi. In na yi magana ya ce ai ba a sani ba, ko Saje zai dawo, kada a busa usur a same shi bai shirya ba. Shekara da shekaru yana yi, har yaran nan suka girma. Sai da gwiwa ta ƙi sannan ya bari."

Ta nuna mini ƙarƙashin kantar. Ban taɓa lura ba, don kullum akwai ɗinkin mutane a rataye a wurin. Yanzu da aka kwashe sai ga ƙusa, da kambas guda biyu a jikinta, sun yi ja saboda daɗewa, gindinsu ko cinyewa bai yi ba. Ta ce tun ranar gasar nan bai sake sa su ba, kuma bai yarda a bayar ba.

Na sauko da su. Igiyar ta bushe ta yi tauri, ƙullin yana nan a kowace ƙafa yadda na ja shi a cikin mota. Na kama bakin igiyar ta gefen da ya dace na ja sau ɗaya, ya kwance.